Yayata tana da yana a ido, likita ya ce sai kumburi ya kwanta wata uku: mu jira ko mu nemi wani wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Daga Maradi nake. Yayata shekararta 38. An daɗe idonta na dama yana yin ja, da zafi da ƙin haske. Ta ɗiga magani ya lafa, bayan ƴan watanni ya dawo. Yanzu yana ta rufe idon, ko fuskar mutum ba ta ganewa da shi. Mun je asibiti, likita ya ce akwai kumburi a cikin idon, ba zai yi aiki ba sai ya kwanta wata uku cur, ya kuma rubuta mana gwajin jini da hoton ƙirji. Maƙwabcinmu tsoho ne, cikin mako guda aka yi masa nasa, ya dawo yana gani. Ga shi an ce masu aikin ido kyauta suna tafe. Mu kai ta can, ko mu tsallaka da ita Katsina ko Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Yaya lafiya, kai kuma ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi da ita. Ban duba idonta ba, saboda haka maganata ba za ta tsaya a madadin ta likitan da ya gan ta ba. Amma bisa bayaninka, abin da ya faɗa muku shi ne ni ma zan faɗa, kuma shi za ku ji a Katsina ko Kano in kun dace da likita mai lura. Ku jira. Kuma kada ku sa ta a layin aikin kyauta na ƴan kwanaki.

Yanar maƙwabcinku ta shekaru ce. A bayan baƙin ido akwai ɗan madubi garau wanda haske ke ratsawa kafin ya isa bayan ido. In mutum ya manyanta madubin yakan dushe sannu a hankali, alhali sauran idon lafiya lau. A cire dusasshen, a sa na roba, gani ya dawo. Yaya kuwa ba ta kai shekarun wannan ba. Tata ta taso ne daga ciwon da a takardar asibiti ake kira ubeyit, wato kumburin baƙin ido da naman da ke bayansa mai yawan jijiyoyin jini. Abu biyu suka taru suka dusar mata da madubin. Akwai kumburin kansa, don madubin ido ba shi da jijiyar jini, daga ruwan da ke kewaye da shi yake samun abincinsa, in ruwan ya gurɓata shekara da shekaru dole ya lalace. Akwai kuma maganin. Ɗigon da ke kwantar mata da ciwon da sauri haka, da wuya a ce babu kortizon a cikinsa, wato maganin kwantar da kumburi irin su deksametazon ko firednisolon, shi kuwa kortizon in aka daɗe a kansa yana haifar da yana, irin wadda ke farawa daga bayan madubi, ta hana mutum karatu da gani cikin rana tun kafin kowa ya ga fari a idon.

Nan ne ƴan'uwan mara lafiya suka fi jin haushinmu. Yaya ta ce idon ba ya mata ciwo, kai ma ka duba ka ga jan ya washe, amma likita ya ce da saura. Abin da yake gani ba ya ganuwa a madubin ɗaki. In ya zaunar da ita gaban na'urar nan da ake ɗora haɓa a kai, yakan rage fitilar ɗakin, ya tsuke hasken na'urar har ya koma milimita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ya haska ruwan da ke gaban baƙin ido. A lafiyayyen ido wurin baƙi ne wuluk. A idon da ke da kumburi sai ka ga ƴan fararen ɗigo-ɗigo suna yawo cikin hasken, wasu na hawa wasu na sauka, kamar ƙurar da ake gani in rana ta ratso ɗaki ta hujin rufi. Fararen ƙwayoyin jini ne da suka fito daga jijiyoyinsu. Likita yakan ƙirga su ya ba su maki daga sifili zuwa 4, bisa ma'aunin da masana wannan ciwo suka daidaita a kai a 2005. Ranar da ya rubuta sifili, ranar ce lissafin wata ukun ke farawa. Ba ranar da zafi ya daina ba.

Me ya sa ba a taɓa idon kafin nan? Aiki, ko wane gwani ne ya yi shi, rauni ne ga ido. Lafiyayyen ido ma yakan ɗan kumbura bayan aiki, ya lafa cikin ƴan makonni. Idon da jijiyoyinsa ba su gama toshe yoyonsu ba kuwa, in aka yanka shi, ciwon yakan tashi fiye da yadda aka saba gani. Washegari ka buɗe bandeji ka tarar wani farin abu mai yauƙi ya lulluɓe sabon madubin. Ƙofar ido, wato ɗan ramin tsakiyar baƙin ido, ta manne ta rufe. Ruwan cikin ido ya rasa hanyar fita, tansiyon ido, wato matsin ruwan da ke cikinsa, ya hau ya ci jijiyar gani. Ko kuma akasin haka: naman da ke samar da ruwan ya gaji ya daina, ido ya yi laushi ya shanye, shi kuwa shanyayyen ido ba shi da magani. Wanda ya fi yawa cikin waɗannan duka shi ne ruwa ya taru a makula, tsakiyar shimfiɗar bayan ido da haske ke sauka a kanta, wurin da ake karatu da gane fuska da shi. Sai ka ga aiki ya yi kyau, madubi na zaune daram, mara lafiya kuwa tana cewa hazo take gani. An sha gwadawa an gani: idon da aka yi wa aiki kumburi na ci ya fi faɗawa wannan matsala nesa ba kusa ba, a kan wanda ya samu wata uku yana kwance. Yana ba ta kashe jijiyar gani don an ƙara mata wata uku. Kumburin da ya tashi bayan aiki yana iya kashe ta cikin makonni.

Akwai inda ba a jira, don kada ka ji an yi wa wani da gaggawa ka ce an nuna bambanci. In yana ta nuna har madubin ya kumbura ya toshe hanyar ruwa, ko ya fara yoyo ya zama shi ne ke haddasa kumburin, to cire shi ne maganin, kuma ba a ɓata lokaci. Haka in ana zargin shimfiɗar bayan ido ta ɓalle, ana bukatar ganin ciki don gyara. Tarihin Yaya na shekaru, ciwo ya zo ya tafi tun kafin yana ta bayyana, bai yi kama da waɗannan ba.

Gwaje-gwajen da ya rubuta kuwa, roƙona kada ku tsallake ko ɗaya, ko da kuɗinsu ya yi muku nauyi. Kumburin cikin ido sau da yawa alama ce ta wani ciwo a jiki, kuma a ƙasarmu rabo mai yawa na ƙwayoyin cuta ne. Hoton ƙirji don tarin fuka ne. Ƙwayar cutar tana iya taɓa ido mutum bai taɓa yin tari ba, kuma in aka ba mai ita kortizon mai yawa ba tare da maganinta ba, an buɗe mata hanya ke nan ta bazu. Maganinta wata shida ne aƙalla, kyauta ake bayarwa, sai dai dole likitan ido da na tarin su san da juna: rifampisin yana rage ƙarfin firednisolon a jiki, etambutol kuma yakan taɓa jijiyar gani a wasu mutane, sai an riƙa dubawa. Gwajin jini ya haɗa da tunjere da sida. Na san yadda kalmomin nan biyu ke sauka a kunnen iyali, musamman a kan matar aure. Kowane mai irin wannan ciwo ake yi wa, malami ko ɗan kasuwa, babu zargi a ciki. Tunjere ma in shi ne, albishir ne ta wani gefen, domin allurar penisilin ta jijiya ta kwana 10 zuwa 14 tana warkar da shi, kumburin da aka yi shekaru ana fama da shi ya tafi.

Wasu dalilan a ido ake gane su, ba a jini ba. Ƙwayar harpis takan kama ido ɗaya tak, ta riƙa dawowa, ta hau da tansiyo, ta bar baƙin ido da zaizayewa. Tunda na Yaya ido ɗaya ne, likita zai sa wannan a ransa, kuma in shi ne za a ba ta ƙwayar asiklobir kafin aiki da bayansa. Toksofilasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, takan bar tabo a bayan ido. Kuturta ma tana kumbura baƙin ido shiru ba zafi, har ƙofar ido ta tsuke ta zama ƴar mitsitsiya. Ma'aikatan asibitin Danja, nan kudu da Maradi, sun san wannan sarai. Makantar kogi a da tana cikin lissafi a yammacin ƙasa, amma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da ita, ƙasa ta farko a Afirka.

Sai waɗanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mai ita. Ka zauna da Yaya ka tambaye ta, ko ka sa wata mace da take sakin jiki da ita ta tambaya: tana fama da ciwon baya da ke ƙagewa da asuba, ya saki in ta motsa? Gaɓoɓi na kumbura? Gyambo yana yawan fito mata a baki ko a al'aura? Akwai wurin da fata ko gashin ido ya yi fari, ko kunne yana ƙara? Mata da yawa ba sa faɗa wa likitan ido waɗannan, suna ganin ba huruminsa ba ne, alhali amsa ɗaya tana iya sauya maganin gaba ɗaya. In an gama bincike ba a samu komai ba, kada ku ce kuɗi ya tafi a banza. Hakan na faruwa da yawa, kuma sanin cewa ba tarin fuka ba ne, ba tunjere ba ne, shi ke ba likita damar ba da kortizon hankali kwance.

Bari in tsaya a kan kortizon, domin a nan na fi jin ciwon abin. Kwalbar ɗigo mai deksametazon ana samun ta a faranti a kasuwa, ana samun ta a wurin maƙwabciya, ana sake saye da tsohuwar takardar magani ta shekara uku. Tana aiki, shi ya sa ake komawa: ja ya washe cikin kwana biyu, a ajiye kwalba, ciwo ya dawo, a sake ɗauka. Wannan ɗiga-ka-bari shi ne mafi munin hanya. Bai kashe kumburin ba, ga shi yana tara illar maganin. Kusan mutum ɗaya cikin uku tansiyon idonsa yakan hau in ya yi makonni yana ɗiga kortizon, a wasu ƙalilan ya hau sosai, kuma hawan ba ya zafi. Tansiyon lafiyayyen ido tsakanin 10 ne da 21. Mutum zai iya yawo da 35 wata da watanni bai sani ba, jijiyar gani na mutuwa. Saboda haka ku tattara duk kwalbar da ta taɓa ɗigawa, har wadda ta ƙare, ku zuba a leda ku kai wa likita. A kuma tambaye ta a asirce ko tana shan ƙwayar ƙiba, irin wadda ake ce wa sha-ka-fashe, ko tana shafa man bilicin. Da yawansu kortizon ne a ciki, kuma likitan da zai ɗora mata wani a kai yana bukatar sani. Tozali da ruwan tsimi da duk wani haɗin gargajiya a dakatar da su daga idon.

Cikin wata ukun nan, ɗigon da likita ya rubuta za a riƙa ragewa ne daki-daki bisa umarninsa, ba bisa yadda idon ke ji ba. Kwalbar firednisolon a girgiza ta sosai kafin ɗigawa, don maganin yana kwantawa a ƙasa. In kwalba biyu ce, a bar minti biyar tsakani. Akwai kuma ɗigon atrofin ko makamancinsa mai buɗe ƙofar ido. Yana sa gani ya ƙara dushewa, haske ya dame ta, mutane da yawa sukan yar da shi saboda haka, alhali shi ke hana baƙin ido mannewa da madubi. In ciwon ya ƙi kwanciya sai da kortizon mai yawa, likita zai iya kawo maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, kamar metotireksat. Sau ɗaya a mako ake shan sa, ba kullum ba, kuma shan sa kullum yana kisa; yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ya kama aiki; ana bin sa da gwajin jini da na hanta. Ga mace mai shekarun Yaya akwai magana babba: yana lalata ciki ya nakasa jariri. Dole mijinta ya shiga zancen, a shirya tazara, ko a zaɓi wani maganin in tana da ciki ko tana shayarwa.

Yanzu batun masu aikin kyauta. Ina girmama su ƙwarai. Dubban tsofaffi a Tasawa da Dakoro da Mayahi da Gidan Rumji da ba su da halin zuwa birni sun dawo suna gani ta dalilinsu. Amma tsarinsu an gina shi ne don yanar tsufa: a tantance ɗaruruwa da safe, a yi aiki ɗaya bayan ɗaya, a buɗe ido washegari, a ba da magani, ayari ya tashi. Likita mai hankali a cikinsu in ya ga idon Yaya da kansa zai cire ta daga layi. Tsorona shi ne cikin cunkoso a haska mata tocila kawai, a ga fari, a rubuta sunanta, ku kuma ku yi shiru da tarihin don kada a mayar da ku. Kada ku yi haka.

Aikin irin idonta daban yake tun daga kan gado. Shekarun kumburi sukan manne baƙin ido da fuskar madubi; in an ɗiga maganin buɗewa, maimakon ƙofar ta buɗe da'ira, sai ta buɗe a karkace, nan ta saki can ta riƙe. Likita zai shigar da siririn ƙarfe mai faɗin baki tsakanin su biyun ya ɓamɓare mannewar a hankali, wuri bayan wuri, jini na iya tsattsafowa. In ƙofar ta ƙi buɗewa duk da haka, sai ya sa ƴan ƙugiyoyi huɗu ko biyar ya ja gefenta, ko ya sa zobe. Sannan ya rina jakar madubin, wato siririyar fatar da ke lulluɓe da shi, da shuɗin ruwa don ya ga inda yake yagawa, domin a farar yana jakar ba ta ganuwa. Zaren da ke riƙe da jakar ma kan yi rauni a irin wannan ido. Kowane taɓi da aka yi wa baƙin ido ƙarin kumburi ne gobe, saboda haka ana son hannu mai sauƙi da lokaci isasshe, abin da layi mai mutum ɗari ba ya bayarwa.

Za ka ji ana gardama kan hanyar aiki: ta na'ura mai farfasa yana ta ƙaramar kafa, wadda ake kira fako, wadda Charles Kelman ya ƙirƙiro a Amurka a 1967, ko ta hannu da ƙaramin yanka, wadda aka fi yi a yankinmu. Fako ta fi sauƙi ga ido in akwai ta kuma yanar ba ta yi tauri ƙwarai ba. Amma wani bita da aka buga a 2014, wanda ya tattara binciken da aka yi kan masu ubeyit, ya nuna cewa a idanun da aka kwantar da kumburinsu kafin aiki, kusan kashi 70 cikin 100 sun samu gani mai kyau, kuma sakamakon aikin na'ura da na hannu ya yi kusa da juna. Kada ku sayar da gona don neman na'ura. Madubin roba kuwa, ga babba irin Yaya yawanci ana sawa, an fi son na akirilik, a zaunar da shi cikin jakar tsohon madubin inda ba zai goga baƙin ido ba. A ƙananan yara masu ubeyit na ciwon gaɓoɓi ne ake yawan taka-tsantsan, wani lokaci a bar ido ba madubi a ba da tabarau.

Wannan kashi 70 ɗin yana nufin akwai waɗanda ba su samu ba, kuma ya kamata Yaya ta ji haka tun kafin ta hau gado. Cire yana yana buɗe hanyar haske ne kawai; abin da za ta gani ya dogara da abin da kumburi ya bari a baya. Tunda ba a ganin cikin idon, likita zai haska mata fitila daga sama da ƙasa da gefe ya ce ta nuna inda hasken yake, ya duba ko tana bambance launi, ya yi eko na ido, wato hoton cikinsa da na'ura, don ya tabbatar shimfiɗar bayan ido na manne a wurinta. Idon da ba ya ganin ko haske, aiki ba zai dawo da shi ba, duk wanda ya yi muku alkawarin haka ku bar wurinsa. Masu kwantar da yana da tsinke a ƙauye kuwa, waɗanda ke tura madubin ya faɗa cikin ido, ko lafiyayyen ido sukan jawo masa kumburi da hawan tansiyo, balle wannan.

In lokacin aiki ya matso, yawanci ana ƙara yawan ɗigo, a kuma fara ƙwayar firednisolon ƴan kwanaki kafin ranar, gwargwadon nauyin jiki, rabin miligiram zuwa ɗaya ga kowane kilo, sannan a riƙa ragewa bayan aiki. Wasu likitocin sukan yi allurar kortizon a gefen ido ko cikinsa a madadin ƙwayar. Kafin nan a auna sukari da hawan jini, a faɗa in tana da gyambon ciki. In tana da amosanin jini, wato sikila, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu, a faɗa da babbar murya: ƙwayar kortizon na iya tayar da ciwon, kuma asetazolamid, ƙwayar da aka saba bayarwa don sauke tansiyon ido, ba ta dace da mai sikila ba. Ƙwayar firednisolon ba a yanke ta rana ɗaya in an daɗe ana sha, ko da kuɗi sun ƙare. Ku sayi abin da zai kai ƙarshe tun farko.

Bayan aiki ne za a san ko an yi nasara. Maƙwabcinku wataƙila wata guda ya yi yana ɗigo ya gama. Yaya a kwanakin farko za ta iya ɗiga kowace awa, ta ci gaba da raguwa har wata biyu ko uku ko fiye, tana komawa asibiti a kai a kai don a ƙirga ƙwayoyin nan a auna tansiyo. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ban goyi bayan tsallaka iyaka haka kawai ba. Kano da Kaduna suna da manyan asibitocin ido, kuma in likitanku ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su, ko ana bukatar aikin bayan ido, shi da kansa zai rubuta muku takarda zuwa can ko Yamai, ya karɓe ta in ta dawo. Amma ku ɗauke ta da kanku, a yi aiki a wani gari, ku dawo ta Dan Isa da leda cike da magani ba wanda ya san abin da aka yi a cikin idon, ranar da ya tashi da dare wa za ku nema? Likitan da zai gan ta sau goma bayan aiki ya fi muku amfani a kan wanda zai gan ta sau ɗaya, kome sunansa.

Ku haddace alamomin da ba a kwana da su: zafi mai ƙaruwa maimakon raguwa, gani ya ja baya bayan ya fara dawowa, fatar ido ta kumbura, ruwa mai kauri ko farin abu ya kwanta a ƙasan baƙin ido, ciwon kai da amai. A ranar za a koma, ko Juma'a ce ko Lahadi. In kuwa bayan watanni ko shekara gani ya sake dushewa sannu ba zafi, yawanci jakar da ke bayan madubin roba ce ta yi duhu, abin da ya fi faruwa ga masu ubeyit da masu ƙarancin shekaru. Yana ba ta dawo ba. Da hasken leza ake huda jakar cikin ƴan mintoci, ba yanka, shi ma sai ido na kwance.

Tunda kuna da wata uku a hannu, ku zaɓi lokaci da kyau tare da likita. Makonnin farko bayan aiki tana bukatar wadda za ta karɓe ta girki da daka da shara, don hayaƙin itace da ƙura da ɗaukar kaya masu nauyi ba su dace da sabon rauni ba. Damina kowa na gona, ba mai rakiya asibiti. Hunturu kuma ga ƙura, sai da tabarau mai rufe gefe. Ruwa kada ya shiga idon wurin alwala har likita ya ba da izini, sujada ma ta tambaye shi ranar da za ta koma, kafin nan ta yi salla a zaune. In azumi ya kusa, ni na fi son a yi aikin bayan salla. Malamai sun saɓa kan ɗigon ido ga mai azumi, musamman in an ji ɗacinsa a maƙogwaro, kuma na ga yadda mutane ke barin ɗigon rana gaba ɗaya don gudun shakka. Danne kusurwar ido ta gefen hanci da yatsa na minti biyu bayan ɗigawa yana rage gangarowarsa, amma hukuncin ta nemi malaminta, ta gaya masa cewa likita ya ce barin maganin na iya makantar da idon.

In a wata na biyu kumburin ya sake tashi, lissafi ya koma farko. Zai yi muku zafi, amma yana nuna maganin da take kai bai isa ba, sai a ƙara ko a sauya. Kowace zuwa kuma ku roƙi a duba idon hagu da na'ura a auna tansiyonsa, ko da ba ta taɓa kuka da shi ba, domin ubeyit yakan kama ido na biyu ba ja ba zafi, kuma da shi take gani yanzu.